Kwalaben Yayata Ba Su da Takarda

Yayata ba ta taɓa barin takarda a jikin kwalba ba. Da zarar ta dawo daga kasuwar Gamboru da kayan aiki, kafin ma ta cire mayafi za ta jiƙa kwalaben a ruwa, ta kankare rubutun jikinsu da farce. Kwalayen da 'yar takardar da ake naɗowa a ciki kuwa murhu suke tafiya. Ba ita kaɗai ba ce. Duk mai lalle da gyaran amare da na sani a Lamisula haka take yi, don kada wata ta shigo kamar mai son zane, ta ƙyalla ido ta karance sirrin haɗinki, gobe ki ji ta buɗe nata shagon a layinku.

Haɗin nata kuwa ya isa a yi rowarsa. Baƙin lallenta kama fata yake yi siɗik, ya daɗe bai koɗe ba, ga hannunta ba ya rawa. Daga Mafoni har unguwannin bayan gari ake kawo mata amare. Ni dilka da halawa, wato gyaran fatar amare, ne aikina a shagon, domin ko da'ira ban iya zanawa ba, ta kan ce idan na zana fulawa sai ta fito kamar kaza ta taka laka. Da wannan hannun nata ta riƙe gidanta bayan rasuwar mijinta, ta kuma riƙe ni.

Da ƙaiƙayi abin ya fara, a tsakanin yatsunta. Ta ɗora wa sabulun wanki laifi, muka canza sabulu. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso, fatar ta dinga tsagewa. Na sayo mata safar hannu, ta jefo mini abata.

"Ke, da wannan robar zan ji layin zane? Amaryar mutane zan ɓata?"

"Yaya, hannunki fa jini yake yi."

"Zafin gari ne. Miƙo mini ledar can."

Taurin kai irin nata ban taɓa gani ba, kuma na gaya mata a gaban idonta. Wata ranar Laraba da hantsi, tana tsakiyar kwaɓa haɗi, fuskarta ta haye, idanunta suka rufe, numfashinta ya koma fita da ƙyar. Ni da maƙwabciyarmu muka ɗauke ta a keke zuwa asibiti.

Bayan ta farfaɗo, likitar da ta duba ta, wata mace mai sanyin murya, ta ce mu kawo mata duk abin da Yaya take taɓawa a wurin aiki, tare da takardunsu. Na koma shago na kwaso kwalaben a jaka, na jera mata su a kan tebur. Ta ɗaga wannan, ta juya waccan, ko harafi ɗaya babu.

"Hajiya, ina takardunsu? Kowane irin wannan kaya yana zuwa da bayanin abin da ke cikinsa, da yadda za a kiyaye."

Yaya ta sunkuyar da kai. Ta san launin kowanne da warinsa da yawan da take zubawa, amma ba ta san sunan ko ɗaya ba. Sunayen da muke kiransu da su a shago mu muka raɗa musu: na baƙi, mai wari, ɗan ƙarami.

Washegari na tafi Gamboru wurin mutumin da take sayen garin rini a hannunsa. A buhu yake sarowa, ya ƙulla a leda. Na tambaye shi takardar buhun. Ya dube ni kamar na roƙe shi wani abin kunya.

"Wace takarda kuma, Hajiya? Kowa shi yake saye, ba wadda ta taɓa dawowa."

"To ni na dawo. Yayata tana kwance."

"Allah ya ba ta lafiya. Wallahi ni ma haka aka kawo mini shi."

Na zazzage masa abin da ke bakina har mutane suka taru. Ban ji sanyi ba, domin na san gaskiya ya faɗa, shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Likita ta ce tana zargin rinin gashin da ake haɗa baƙin lalle da shi, kuma jikin da ya fara ƙin sa ba ya mantawa, kowane karo sai ya fi na baya muni. Ta ce da ta ga takardun, da ta iya cewa ki bar wannan, ki ci gaba da wancan. Tunda ba ta gani ba, ba za ta yi caca da numfashin mutum ba. Duka Yaya za ta bari, ko shagon kada ta zauna a ciki idan ana haɗi.

Yaya ba ta yi kuka a asibitin ba. A gida ne na riƙa ganinta zaune a tsakar gida, tana zana fulawa da tsinke a kan ƙasa tana gogewa. Wannan ya fi kukan ci mini rai.

Shagon ya dawo hannuna, na ɗauko wata mai zane. Daga baya jami'an lafiya suka zagayo layinmu, suka ce kowane shago ya ajiye takardar duk kayan da yake amfani da su, inda ma'aikata za su gani. Matan layin suka yi ta guna-guni wai za a tona musu asiri. Ni kuwa kasuwa na nufa. Na sayo rini a kwalinsa, na ba wata malamar makaranta ta karanta mini takardar. An rubuta a sa safar hannu. An rubuta don gashi aka yi shi, kada a yi zane da shi a fata, kuma idan ƙaiƙayi ya fara a daina nan take. Na fita bayan shago na yi kuka mai isata. Ranar na daina sa rini a lalle, ko da amare sun rage zuwa.

Bara aka yi bikin 'yar Yaya ta fari. Ƙawayen amarya suka kai ta wani shago aka yi mata baƙin lalle har gwiwar hannu, ba su yi shawara da kowa ba. Da aka zo tafiya da ita gidan miji, aka kawo ta ɗakin uwarta ta yi sallama. Yarinyar ta durƙusa tana kuka, ta miƙo hannuwa biyu. Yaya ta miƙa nata, sai ta ga zanen, ta tsaya cak. Ta jawo gefen mayafinta ta naɗe tafinta da shi, sannan ta riƙe 'yarta.

Ta daɗe tana kallon hannun. Can ta ce, a hankali yadda ni da yarinyar kaɗai muka ji:

"Layin nan ya karkace. Da ni ce, da ba haka zan yi miki ba."