Ranar da Dangi Suka Cika wa Majigi Silima

Majigi ake ce masa a unguwa, don rabin rayuwarsa a ɗan ɗakin nan na saman silima ya yi ta, bayan na'ura, yana leƙen allo ta wata taga da ba ta fi tafin hannu ba. Fina-finai sun wuce ta hannunsa ba adadi, amma babu wanda ya shiga ransa sai na wata tsohuwa a can wata ƙasa mai nisa, tana gyaran kwalekwalen mijinta da ya rasu. Babu faɗa, babu waƙa. Mutumin naku ya kamu. Ya bi diddigin masu fim ɗin har ya same su, ya sayar da babur ɗinsa ya karɓi izinin nunawa, ya zauna da wata malamar makaranta suka fassara maganganun, sannan ya jefa faifan a jaka ya shiga bin silimomi da ƙafa.

Duk inda ya je tambayar ɗaya ce, wane jarumi ne a ciki? Manaja guda ne ya saurare shi, shi ma albarkacin tsohuwar sanayya.

"Zan ba ka ƙaramin zaure, Asabar da rana," in ji manaja. "In ya yi kasuwa, ya ƙara mako. Ka san sauran manajoji, fim ɗin da na riƙe shi suke ɗauka. In bai yi ba, Malam, kada ka ga laifina."

To, shi Majigi tun daga tagarsa ya koyi abu ɗaya: fim mai rai shi ne wanda ka hango kawuna reras a ƙasa. Kujera ba kowa ita yake tsoro. Sai ya karɓi tikitin kyauta 'yan kaɗan ya kai wa yayarsa da goggonsa da surukinsa.

Matarsa ta ce, "Maigida, danginka fa ba sa tafiya su kaɗai."

"Ke dai yi mana addu'a."

Ranar Asabar goggo ta iso da jikoki da maƙwabta. Suruki ya zo da abokan hirarsa na bakin shago. Majigi yana tsaye kusa da mai gadin ƙofa, kowa ya matso sai ya ce, "Ni fa ɗan'uwan mai fim ne." Wa zai kalli idon surukinsa ya ce masa je ka tagar tikiti ka saya? Ya dinga gyaɗa wa mai gadi kai. Wasu ɗalibai da suka ga hoton fim ɗin a bango suka yi layi da kuɗinsu a hannu, mai sayar da tikiti ta ce musu zaure ya cika, suka watse.

Majigi ya jingina da bangon baya yana kallon kawuna, zuciyarsa fari ƙal. Yara na guje-guje tsakanin kujeru, goggo na tambaya da ƙarfi yaushe za a fara dukan, duk bai dame shi ba.

Ran Litinin ya shiga ofishin manaja da fara'arsa. "Ranka ya daɗe, ka ga yadda ya cika?"

"Na gani. Ni ba kawuna nake dubawa ba, kuɗin da ya shiga ta tagar tikiti nake dubawa, kuma kusan babu. Duk shekarun nan kana sama, ba ka taɓa saukowa ka ga yadda ake yi ba?"

"A ƙara mini Asabar ɗaya. Ba zan gayyaci kowa ba."

"Na riga na ba wani."

Kafin la'asar an cire hoton tsohuwar daga bango. Sauran manajoji suka ji labari, suka daina ɗaukar wayarsa.

Yanzu yana gyaran talabijin a wata rumfa kusa da tasha. Kwanaki goggo ta biyo ta wajen, ta tsaya suka gaisa.

"Ɗan nan, yaushe za ka sake kai mu kallo? Amma don Allah wannan karon ka samo mai motsi, wancan barci ya sa ni."

Ya ce, "To, Goggo," ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance talabijin ɗin da ke gabansa.