Ranar da aka rage wa 'yata iska

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zai kwashe kwanakin da na yi a asibiti a Gumel ba, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Daga Ɗanzomo aka kawo ni, na haifi bakwaini, 'yar mitsitsiya, numfashinta sama-sama. Aka sa ta a kwalbar renon bakwaini, aka maƙala mata siririyar roba a hanci daga tukunyar iska. A wuyan tukunyar akwai gilashi da ɗan ƙwallo a ciki: idan aka ƙara iska ya hau, idan aka rage ya sauka.

Kusa da mu akwai jaririn wata Hajiya, matar wani falke daga Maigatari, shi ma da tasa tukunyar. Ban yi boko ba, amma ina da ido. Na lura kullum nas ɗin ta zo sai ta duba leɓen 'yata da ƙirjinta, ta murɗa, ƙwallonmu ya sauka. Na Hajiya kuwa sai hawa yake. Zuciyata ta ce ai shi ke nan, ana tsimin iska ne don ɗan masu hali. Ko gaisawa suka yi da nas ɗin sai in kasa kunne. Hajiya ta miƙo min fura, na ce na ƙoshi.

Wata safiya da ta sake kai hannu, na riƙe mata hannu.

"Sista, don mu mutanen ƙauye ne ake rage mana?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce huhun yarinyar ya fara aiki da kansa, shi ya sa take janyewa kaɗan-kaɗan, kuma iskar nan idan ta yi wa bakwaini yawa tana iya lalata masa ido. Na sake ta, amma ban yarda ba, sai da Hajiya ta yi magana a hankali, idonta na kan ɗanta.

"'Yar'uwa, ni kullum roƙon Allah nake a rage wa nawa kamar naki."

Kafin a sallame mu yaronta ya rasu. Ni na riƙe mata mayafi tana haɗa kaya.

Tun daga lokacin, idan na ga an ba wani fiye da ni, nakan fara tambayar abin da yake fama da shi.