Ranar da naman maƙwabta ya tsare min firiza

Shekarun baya ne, da damina, kwana huɗu bayan Babbar Sallah. Shekara ce da kuɗi ke yawo a Abuja, duk inda ka duba a Lugbe bulo ake ɗorawa. Ni kuwa a shekarar 'yata ta samu gurbin karatun jinya, kuma abin da nake da shi mai daraja ɗaya ne: babbar firizar da nake sana'ar ƙanƙara da ita, da janaretonta.

'Yata ce ta ɗauki hotonsu ta sa a wani zaure na intanet da ake gwanjon kaya, kowa ya faɗi tayinsa har wa'adi ya cika. Wani mutum ya zarce kowa nesa ba kusa ba, bai ko tambayi shekarun firizar ba. 'Yata na ta murna. Ni da na saba da masu neman ragi a kan ƙanƙara ƙwaya ɗaya, sai abin ya tsaya min a rai.

Ranar Juma'a da hantsi, 'yata ta tafi makarantar karɓo takardu, maigidana yana wurin aiki, sai ga mutumin da a-kori-kura. Fes da shi, shadda na ƙyalli, ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, an yi sallah lafiya? Duba wayarki, na tura kuɗin tun a hanya."

Saƙo kuwa ya shigo, da sunan bankina da komai. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, da yatsa nake bin rubutu. Na bi shi sau biyu, mutumin yana tsaye yana duba agogo, ban ga aibu ba.

"Direba, zo mu kama. Mama, ina so in samu Juma'a a cikin gari."

Ga kunya ta hana ni in ce wa mai durƙusa min ban yarda da shi ba, ga zuciyata ta ƙi kwanciya. Sai na ɗaga murfin firizar. Cike take da naman layya, ƙulli-ƙulli, kowace leda da ƙyallen da mai ita ta ɗaura don ta gane tata. Duk sallah haka matan layinmu ke kawo min ajiya.

Na ce, "Ɗana, ka ga amanar mutane. Sai kowa ta zo ta ɗauki nata da hannunta."

"A juye a baho mana, Mama!"

"In cinyar wata ta shiga ledar wata, kai za ka raba rigimar?"

Na shimfiɗa masa tabarma, na zubo masa soyayyen nama. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai sayar da doya, na raɗa mata damuwata. Ta ce, "Bar ni da shi." Ita ta riƙa kiran matan ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta hau laluben ledarta. Ina fita na ji tana cewa, "Oga, ka ci nama mana, firiza ba ya gudu."

Na hau acaɓa zuwa na'urar banki a bakin titin filin jirgi. Na bi layi, na sa katina, takarda ta fito. Abin da na bari jiya shi na tarar.

Da na dawo na nuna masa, bai ko girgiza ba. "Matsalar sabis ce, Mama. Daga banki zuwa banki yana ɗaukar lokaci. Ni za ki mayar ɓarawo?"

Maganarsa na iya zama gaskiya, a lokacin kuɗi kan kwana a hanya. Na ce, "Allah ya kiyaye in kira ka haka. In sun kwana a hanya, firiza ma ta kwana a nan. Gobe in na gan su a takarda, ka zo ka ɗauka, har kuɗin mota ni zan biya."

Ya yi rantsuwa, ya ce zai kira 'yan sanda. Maƙwabciyata ta ce, "Kira su, nama ya ishi kowa." Sai direban ya sa baki: "Oga, ni dai ka sallame ni. A mahaɗa ka tare ni, ko sunanka ban sani ba." Suka fita suna cacar baki.

Har yau in na tuna durƙuson nan nasa sai in ji wani iri. Da firizar babu komai a ciki, na san kaina, da kunya ta sa na taya su ɗorawa a mota ina sa masa albarka. Tun ranar, saƙon waya ba kuɗi ba ne a wurina, sai na gani a banki da idona.

Washegari da sassafe na koma na'urar, 'yata na biye da ni. Takarda ta fito kamar ta jiya. Ta kira lambarsa, a kashe. Na ce ta nemo matar da ta zo ta biyu a tayi, ta gaya mata ranar Litinin mu haɗu a cikin banki. Na dawo gida na jona firizata, na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciyata kowa ta dawo da namanta.