Kawu Kho da Majigin Dandalin Bauta

A ƙauyenmu da ke kudancin Taiwan, idan bikin ɗakin bauta ya zo, majigi ake nuna wa abin bautar don godiya. Shi ya sa allon yake fuskantar ƙofarsa. Mutane 'yan rakiya ne kawai. Kawu Kho, maƙwabcina, shi ke wannan aiki tun yana saurayi. A da har kan bishiya ake hawa don kallo. Daga baya waya ta kwashe jama'a, ya koma haska fim ga kujeru da karnuka. Abin yana min ciwo.

Bana Liau, shugaban kwamitin biki, mutumin da ba ya dariya sai an ɗauki hoto, ya ce daga wannan an gama, baɗi mawaƙa za a ɗauko.

Kawu kuwa sai ya zo da wani tsohon fim ɗin Amurka marar launi, labarin ɗan caca da ya jinginar da gidan matarsa.

"Haba Kawu," in ji Liau, "wannan ai ya girmi kakata! Wa zai kalla?"

"Ba kai na kawo wa ba, ɗana. Matsa, kana tare wa Mai Ɗakin Bauta."

Rubutun fassarar ya koɗe, don haka Kawu ya rage sauti, ya ɗauki lasifika, ya shiga yi wa Turawan magana da harshenmu, yadda maigidansa ya koya masa. Ɗan cacar ya koma yin rantsuwa irin ta mazanmu. Matarsa ta ce, "Ka ci gidan, saura tukunya!" Mai sayar da taliya ta bar wuta ta matso. Tsofaffin mata suka watsar da kartarsu suka jawo kujeru, samari suka fito jin ihun me ake.

Ana tsakiyar cacar ƙarshe a fim ɗin Liau ya zo ya ce a kashe, lokacin wasan wuta ya yi. Goggo Siu, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta finciko rigarsa.

"Zauna, ɗan nema! Gidan baiwar Allah yana kan tebur kana maganar wuta?"

Ya zauna. Da katin ƙarshe ya faɗi, shi ya fara miƙewa yana ihu.

Kawu yana naɗe fim Liau ya raɓo, yana ta gyaran murya.

"Kawu, baɗi... akwai wani irinsa?"

"Ɗakina cike yake," in ji Kawu. Ni kuwa kuka nake ba kunya. "Amma ka ƙaro kujeru."