Na Samo Amsar Buɗinka, Malam Arzika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 5 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Arzika na Illo bayan gajeriyar jinya. Shi ya koya mana wasan ches, darar Turawa, shi kuma ya kafa 'yar gasar da muke yi da abokanmu na tsallaken Benin.

Malam, kullum buɗi ɗaya kake yi: ka tura sojan gaban doki gida biyu, can gefe. 'Yan Benin suka sa masa suna buɗin ɗan sumoga, wai ba ya bin babbar hanya. Mu yi ta dariya, kai kuwa ka yi ta cinye mu.

Amma ba ka taɓa barin wanda ka cinye ya tashi da kunya ba. Sai ka mayar da 'ya'yan inda ya yi kuskure, ka juya allon, ka ce, "Amshi nau, ba ni naka. Wanga wasa bai mutu ba tukuna."

Ni kam burina in ci ka, ko sau ɗaya. Na tara wasanninka na gasa a waya, ina bin su tafiya-tafiya a shagona na Bagudo, har masu saye suka fara ƙorafi. Da damunar nan na gano inda buɗin yake yoyo. Na ɓoye, na ce sai ranar gasa. Ashe ba za ka kai ba.

An yi gasar ba kai. Aka haɗa ni da Rufus mai kemis, ɗalibinka. Ya tura sojan gaban doki, irin buɗinka. Na bi shirina, na cinye shi. Wallahi ban ji daɗin komai ba. Sai Rufus ya ce, "To yanzu wa zai juya allon?"

Na kai hannu, hawaye ya hana ni ganin gidajen.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba maiɗakinka Halima Sa'adiya da 'ya'yanka Sufyan da Fatiha haƙuri. Amsar tana hannuna, amma wanda na tanadar wa ya tafi.