Jan Zaren Sada Mai Tuta

Sada Mai Tuta bai taɓa ƙetare iyakar ƙasar nan ba. Ko garin Lau biki ne ya kai shi, ya dawo yana ƙorafin sauro. Kakansa ya zo daga Katsina da keken ɗinki, shi kuma ya gaji keken da rumfar a unguwar Turaki ta Jalingo. Ni ke sayar da zare da maɓalli a rumfar da ke jikin tasa, don haka ba a bakin wani na ji wannan labari ba.

Tutar makarantu da ofisoshi yake ɗinkawa, kuma in fari ya ɗara kore da faɗin yatsa, sai ya farke ya sake. Yana kuma yin wasu ƙanana, kore da ja da rawaya, ga tauraro a tsakiya. Direbobin da ke hawa Mambila su gangara Kamaru ke kafa su a gaban mota, wai jandarmomin can sun fi sakin fuska in sun gani. Babban mai sayensu Abbo ne, Bafulatani direban babbar mota, amininsa tun samartaka. In Abbo ya shigo Jalingo, a zauren Sada yake sauka, kwano ɗaya suke ci.

Da can "ɗan Kamaru" ake ce wa Sada, a yi dariya har da shi. Sai shekarar da aka kama teloli a Kano kan ɗinka tutar wata ƙasa. Daga nan dariya ta ɗauke. Peter, wani ma'aikacin gwamnati mai shan iska a bencinmu, shi ya fara sauya suna. "Wannan fa zagon ƙasa ne," in ji shi. Mai tsire ya ce a'a, infoma ne, leƙen asiri yake wa Kamaru, ko da yake bai faɗi asirin da ke Turaki ba. Matan layi suka ce munafuki, kalmar da suke jifan kowa da ita, har kazar da ta yi ƙwai a maƙwabta. Duk waɗannan rantsuwa kan wanke su. Amma ranar da wani dattijo ya fito daga masallaci ya ce "maci amanar ƙasa" a hankali, bai dubi kowa ba, na san abin ya wuce wasa. Wannan kalmar ba a rumfa take tsayawa ba, hukuma take kira.

Hedimastoci suka daina aiko aiki. Mutanen da ko taken ƙasa ba su iya kai shi ƙarshe ba suka riƙa zuwa sayen maɓalli ɗaya, su rage murya: "Nasiba, jan zare nawa yake saya?" Haushi kamar in mutu. Nakan ce, "Ga shi can, ba a ɗinke bakinsa ba." Shi ma Sada ya koma kallon kowa da wutsiyar ido. Ko yarinya ta kawo jan yadi, sai ya tambayi wanda ya aiko ta.

Wata Laraba da hantsi wasu mutum biyu suka zo, ba su faɗi daga inda suke ba. Ɗaya ya ɗora hannu a kan keken, ya ce da shi za su tafi, har da mai shi. Ana cikin haka motar Abbo ta tsaya.

"Jam na, sobajo!" in ji Abbo, yana gaida amininsa da Fillanci. "Tuta na ya gama?"

Sada ya dubi hannun da ke kan keken kakansa, ya dubi Abbo.

"Ga mai sa ni nan," in ji shi. "Ni ban san shi ba sai a ciniki. Abin da yake kai musu can, ku bincike shi."

Da Abbo suka tafi. Aka sauke motar kaf, albasa ce da sabulu. Kafin a sake shi albasar ta ruɓe, mai motar ya karɓe makulli.

Sunan Sada kuwa ya wanku tas. Peter ya ba shi hannu yana kiransa mai kishin ƙasa, aikin makarantu ya dawo.

Sau ɗaya Abbo ya sake zuwa, a ƙafa. Ya ajiye tsohuwar tutar gaban motarsa a kan keken.

"Sada, ƙasa bai taɓa sa hannu a kwanonka ba. Ni ne na sa."

Bai jira amsa ba.

Yanzu babu mai kiran Sada maci amana a Turaki, ko da wasa. Matarsa Furera dai har yau a babban kwanon nan take aiko masa da tuwo. Yakan ci gefensa, ya tsaya daidai tsakiya, ya rufe.