Malam Muhyiddeen Da'u da Kuntigin Kimiyya

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Muhyiddeen a Kademi a shekarar 1961, ɗa ga Alaramma Da'u da Malama Rekiya. Bayan saukar Alƙur'ani da karatun boko a Gaya, ya zarce jami'a a Zariya, inda ya kammala digirin fiziks a 1987.

Aiki

Da ya dawo koyarwa a Gaya, sai aji ya yi masa kaɗan. Duk ranar kasuwar Ajingi yakan shimfiɗa tabarma kusa da 'yan gyaɗa, yana fahimtar da manoma ilimin kwantom, wato yadda haske ke isowa ƙwaya-ƙwaya kamar gero. Domin bayyana ka'idar tsirkiya kuwa, kuntigi ya saya: tsirkiyarsa ɗaya, amma duk inda ya danna sai amo ya sauya. Haka nan, in ji shi, wasu masana ke hasashen cewa asalin kowane abu 'yan siraran tsirkiyoyi ne, yanayin kaɗawarsu ne ya bambanta dutse da ruwa.

Aure

Kuntigin nan ya kusa raba shi da abar ƙaunarsa, Haulat. A 1990 mahaifinta, Liman Abdulmumin na Balan, ya ce ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Haulat ta yi ta roƙo har ya yarda ya je kasuwar da kansa.

Bayan ya saurara, Liman ya ce, "Kai yaro, tsirkiyoyin nan ka taɓa ganinsu?"

"Allah gafarta Malam, babu wanda ya gani. Ana dai kan bincike."

"To, mai iya cewa bai sani ba malami ne. Kiɗanka kuwa ko akuya ba za ta taka ba, wa ya ce kai makaɗi ne?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Bayan kaka aka ɗaura aure, Liman kuma ya zama ɗalibin sahun gaba har ƙarshen rayuwarsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2023, aka sallace shi, aka binne shi a Kademi. Ya bar Hajiya Haulat da 'ya'ya huɗu: Yahya, Murja, Bilya da auta Sadiyya, wadda ta gaje shi a fiziks.

Da aka tashi daga zaman makoki, Sadiyya ta sauko da kuntigin daga bango, ta dubi mahaifiyarta ta ce, "Umma, kasuwa mai zuwa ni zan shimfiɗa tabarmar Baba."